Laraba, shagon Ikeja

Sai ƙarfe goma na iso shago yau. Cunkoson Agege zuwa Ikeja ya cinye min safiya, ga kwandastan danfo da rigimar canji. Ko shayi ban sha ba na buɗe kwamfuta.

Aikin dai shi ne direban Linux, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta yi magana da na'ura, da nake rubuta wa na'urar auna man janareta, wadda za ta zauna kan 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi. Duk a fayil ɗaya na tara shi, auna.c, har ya kumbura ya fi ƙarfin ido. Jiya da dare na raba shi uku: auna.c ya riƙe tashi da saukar modul (direban kenan, da ake cusa wa kanel, zuciyar Linux), karatu.c yana karɓo lamba daga na'urar, lissafi.c yana mai da ita mililita, tunda a cikin kanel ba a son lissafi mai ɗigo.

A Makefile, fayil ɗin da ke faɗin yadda za a gina modul, na rubuta obj-m += auna.o, ƙarƙashinsa auna-objs := karatu.o lissafi.o. Na buga make. Sai modpost, mai duba modul a ƙarshen gini, ya tsaya, wai babu MODULE_LICENSE, layin da ke faɗin lasisin modul. Ga shi kuwa ɓaro-ɓaro a gindin auna.c, da lasisin GPL ɗinsa! Na goge na sake rubutawa. Na yi make clean ya fi sau biyar. Har na fara zargin linux-headers ɗin da na sauke, fayilolin kanel da ake gina modul da su, ba su dace da kanel ɗina ba, na duba uname -r, lafiya lau suke.

Bayan Azahar, ina cin shinkafa da wake a bakin tebur, haushi ya sa na buɗe auna.c na rubuta "wai me ke faruwa" a tsakiyarsa, babu waƙafi babu komai. Na ce to, gcc mai fassara lambobin C ya zage ni in gani. Shiru. Kuskuren ɗazu ne ya dawo, ko harafi bai canza ba.

Nan na ajiye cokali. Ashe tun safe ba a ma taɓa fayil ɗin ba. Da zarar ka ce auna-objs, kbuild, tsarin ginin kanel, ya ɗauki auna.o a matsayin sunan tukunyar da za a zuba sauran, ya daina neman auna.c. Watau na gina modul da fayil biyu, na bar uwar gidan a waje da lasisin a hannunta.

Na sauya wa auna.c suna zuwa babba.c, na sa babba.o cikin jerin. Ya ɗan ƙara gardama kan wani aiki (function) da na bari da static a karatu.c, alamar da ke ɓoye shi daga sauran fayiloli, na cire, na bayyana shi a auna.h. Ba sai an yi EXPORT_SYMBOL mai buɗe aiki ga wasu modul ba, tunda duk gida ɗaya suke.

Biyar saura kwata auna.ko ya fito. Na yi insmod na cusa shi a kanel, dmesg mai nuna saƙonnin kanel ya nuna mililita 8,400, watau ko lita tara bai kai ba. Oga ya leƙo ya ce, "Malam, ai tankin nan cike yake, da hannuna na zuba lita goma." Gobe sai lissafi.c.