Tawa zuwa Yamai ta fi Yamai zuwa Jidda nisa, in ji Inna

Mun dawo daga Umra lafiya, amma har yanzu lissafin nan bai daina ba ni mamaki ba. Daga Tawa zuwa Yamai kilomita 500 ne da ɗoriya, bas ta kwashe mu tun asuba, Konni, Dogondutsi, Doso, ba mu sauka ba sai bayan azahar, ƙafafu duk sun kumbura. Daga filin jirgin Diori Hamani zuwa Jidda kuwa, wajen kilomita 4,000, awa biyar da 'yan kai muka yi a sama. Agogona ma ya ruɗa ni, don Saudiyya ta riga mu da awa 2.

Inna ce a bakin taga, carbi a hannu, shayinta ya huce ba ta ko taɓa ba. Da ruwan Bahar Maliya ya bayyana ƙasanmu sai ta kamo hannuna.

"Kai, har mun wuce Sudan ɗin?"

Na ce, "Tuntuni, Inna."

Ta yi shiru. Mahaifinta da ƙafa ya tafi, ta Chadi da Sudan, yana noman ƙodago a hanya don kuɗin guzuri, ya hau jirgin ruwa a Sawakin. Tana goye ya bar gida, ya dawo ya tarar tana tallar fura.