Daga Nima zuwa Aboabo, da yanda muka ɓuge a Magazin

Ɗaurin auren ƙanwarmu ne ya tashe mu daga Nima ta Accra zuwa Kumasi, ni da Kawu da matarsa da wata gwaggonmu, a cikin Corolla ɗin Kawu ƙirar 2006 wadda ko ɗansa na cikinsa ba ya ba makullinta. Ranar Alhamis muna idar da asuba muka kama hanya dan mu wuce Ofankor kafin motoci su taru, amma ina, daga gadar Pokuase zuwa Nsawam tafiya muke muna tsayawa, ga ƙura ga manyan motoci masu zuwa Burkina da Mali sun cika hanya, inji na ta aiki ba iska na bugun shi. A Nsawam Gwaggo ta sai burodi mai yawa kamar yanda kowa ke yi, muka wuce Suhum, Apedwa, Bunso, Anyinam, lafiya lau. Tafiyar duka kusan kilomita 250 ce, kuma mun ci fiye da rabi kafin abin ya faru.

Duwatsun Kwahu sun fara bayyana a hannun dama muna dosar Nkawkaw, sai na ga allurar zafi ta bar wurin da ta saba tsayawa ta haura sama. Na ce Kawu, dubi gejin nan fa. Ya ce haka take yi in an sha hawa, zata sauko. Bata sauko ba. Can sai motar ta fara rawa tana kakkarwa, a taka totur ba ƙarfi, wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi na shigowa ta taga, Kawu ya gangara gefe ya kashe.

Kafin mu buɗe bonet mutane sun taru, kowa da fatawarsa. Wani yaro ya rugo da jakar fiya wata wai a kwarara wa injin ya huce, Allah ya sa wani direban tirela ɗan Bawku da ke hutawa a wurin ya daka masa tsawa, ya ce kan injin nan alminiyom ne, ka zuba masa ruwan sanyi yana da zafi ka gama da shi, kuma kar wanda ya taɓa murfin lagireto yanzu sai in yana so fuskarsa ta saɓule. Muka jira har ya huce. Da aka buɗe ba ruwa ko ɗigo a ido, aka cika, aka tayar, farin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa, ruwan bakin lagireto kuma na ta kumfa yana tsalle tun injin bai yi ɗumi ba.

Wani fita, wato makanike, na bakin hanya ya leƙa, bai ko kwance komai ba ya ce inji ya mutu, a sai wani, shi ma yana da hanyar samu. Kawu ya dube shi ya ce to madalla, mun gode. Matan muka sa su a bas suka yi gaba, ni kuma da yake ni ne ƙarami aka bar ni da mota, muka samu motar ja ta ɗora mu. Konongo da Ejisu duk daga saman wata mota na gan su. Bayan isha muka shiga Kumasi, aka sauke motar a Magazin, unguwar masu gyaran mota da ke Suame, wurin wani tsohon abokin Kawu, mu kuma muka wuce Aboabo muka tarar da tuwon zafi da miyar ayoyo na jiranmu, gida cike da 'yan biki.

Wanda bai taɓa shiga Magazin ba zai yi wuya ya gane girman wurin. Unguwa ce sukutum ta ƙarfe, ƙiyasin da aka fi faɗa shi ne masu sana'a wajen 200,000, masu walda, masu feshi, masu lantarkin mota, masu juya ƙarfe, masu saida kayan gyara sabo da na gwanjo, ƙasa duk ta yi baƙi da mai, kuma duk lungun da ka shiga Turanci kaɗan ne, Tuwi da Hausa ake yi. Mu na Accra muna taƙama da Abossey Okai, to can saye da sayarwa ya fi yawa, nan kuwa har ƙera abin ake yi in babu.

Masta, wato abokin Kawun nan mai gyaran mota, dattijo ne mai gemu, ba ya gaggawa. Kawu ya fara ba shi labari tun daga Nsawam, ya ce Alhaji dakata, bari motar ta faɗa da bakinta. Ya buɗe murfin bakin mai ya juya mana cikinsa, wani abu ya manne a jiki kamar shayin da aka cika wa madara. Ya ce wannan kaɗai ba hujja ba ne, motar da ke gajerun tafiye-tafiye a cikin gari ma tana tara irinsa a murfi, sai ya zaro sandar awon mai, nan ma launin ya gauraya, man kuma ya haura alamar cika. Ya matsa tiyon sama na lagireto bayan an tayar na ɗan lokaci, ya yi tauri tun ruwan bai yi zafi ba, ya ce iskar cikin silinda ce ke kutsawa hanyar ruwa. Yaransa suka kwance fulogi huɗun aka jera su a kan kwali yanda suke a inji. Na ɗaya da na huɗu da ɗan baƙi-baƙinsu na yau da kullum, na biyu da na uku kuwa fes, tururi ya wanke su.

Ni a raina na ce ai magana ta ƙare, gasket ne, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Masta ya ce a kawo gejin awon ƙarfin matsin iska a silinda. Wannan ne abin da ya fi burge ni a tafiyar gaba ɗaya, dan ban taɓa ganin an yi a gabana ba. Agogo ne da tiyo, ana murɗa bakin tiyon a ramin fulogi. Ya cire fis ɗin famfon mai dan kar fetur ya dinga zuba, ya sa aka jona batir mai ƙarfi, dan in batir ya yi sanyi inji ba zai juya da sauri ba awon zai yi ƙarya, ya ce da ni kai ɗan Alhaji shiga ka taka totur har ƙasa ka murza makulli sai na ce ka saki. Silinda ta ɗaya ta ba da 180 a ma'aunin psi, ta biyu 90, ta uku 85, ta huɗu 175. Ya rubuta da alli a jikin ƙofar shago. Ya ce irin wannan injin lafiyayye yana kaiwa wajen 189, bai kamata ya gaza 145 ba, kuma tazarar da ke tsakanin silinda da 'yar'uwarta kar ta wuce 15. In guda ɗaya ce tai ƙasa sai a zargi bawul ko ringi, in duka huɗun ne suka yi ƙasa tare to tsufa ne ko taimin ya goce, amma biyu maƙwabta su faɗi kusan lamba ɗaya, bangon gasket ɗin da ke tsakaninsu ne ya ƙone suna hura wa juna iska.

Duk da haka bai tsaya ba. Ya ɗebi bakin mai kamar cokali guda ya zuba a ramin ta biyu, aka sake murzawa, allura ta tsaya a 95. Ya ce da ringin fistin ne suka cinye, man zai toshe kafar na ɗan lokaci lambar ta yi tsalle sosai, tunda bata motsa ba to ƙasan injin lafiya yake, matsalar a sama take. Kawu da ya kwana yana lissafin kuɗin sabon inji sai ga shi yana dariya, ya ce Masta Allah ya yi maka albarka, ya aika yaro ya sayo wa kowa waake.

Bayan sallar Juma'a aka ɗaga kan injin. Gasket ɗin ya ƙone daidai inda ya faɗa, siririn wurin nan tsakanin ta biyu da ta uku ya yi baƙi ya tsage, tsagar ta miƙe har ramin ruwa. Ya goge fuskar kan tas, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a tsaye da a kwance da kusurwa zuwa kusurwa yana zura filageji, siraran ƙarafan awon tazara, a ƙarƙashi. Iyakar da aka yarda da ita milimita 0.05 ce, namu ya wuce, zafi ya lanƙwasa shi a tsakiya. Aka ɗauka a baro zuwa wurin masu injin sharewa, suka fara gwada shi da ruwa da iska ko ya tsage, bai tsage ba, sannan suka share ɗan kaɗan. A nan ne mutane da yawa ke asara, a saka sabon gasket a kan lanƙwasasshen kai, wata bai zagayo ba a dawo.

Sai kuma tambayar da Masta ya ce ita ce babba, me ya sa motar ta yi zafi tun farko, dan gasket ba ya ƙonewa haka kawai. Aka sauke lagireto aka buɗe, ramukan da yawa tsatsa ta toshe su, ruwan da ya fito ja wur. Wani mai gyara a baya ya cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, ya jefar wai ƙasarmu da zafi ba a buƙatar shi, kuma shekara da shekaru ruwan famfo ake zubawa ba kulan, ruwan sanyaya inji mai hana tsatsa. Robar murfin ma ta bushe, ba ya riƙe iska, ruwa na tafasa da wuri. Gaskiya wannan al'ada ta cire tamostat ta yi mana yawa, ban san wa ya koya mana ita ba.

Ranar Lahadi aka ɗaura aure a Aboabo, aka ci aka sha, marokan zango suka sha kuɗin Kawu. Da aka koma aiki na je na ga haɗawa. Notunan kan guda goma ne, ba da ƙarfin damtse ake ɗaure su ba, da sifana mai awo, daga tsakiya a fita waje bi da bi, a kai kowanne 49 a ma'aunin Nm sannan a ɗiga masa fenti a ƙara juya shi kwata guda. Aka sa tamostat da sabon murfi da kulan, aka juye man da ya gauraya da ruwa har da filta, Masta ya ce in mun isa Accra mu sake juyewa ba da daɗewa ba dan ragowar ruwan ya fita. Ya sake ɗaura gejinsa, huɗun duka suka haura 170.

A dawowa ni Kawu ya ba aikin kallon allura, ta tsaya ƙasa da rabi tun daga Ejisu har Achimota, har a cunkoson Nsawam bata ɗaga ba. Gwaggo dai ta rantse ba za ta sake shiga motar ba, bas ta hau, kuma ta riga mu isa Nima.