Ƙwaron Goliyat a dajin Bobiri

Shekaranjiya na sauka Kano, har yanzu rugugin fiffiken ƙwaron Goliyat bai bar kunnena ba. Hanyar Legas zuwa Ankara, babban birnin Gana, shingaye ne kawai da "kawo na goro". A Kumasi wani Alhaji mai fataucin goro a zango ya sauke ni, kwana huɗu bai bari na kashe ko sisi ba, shi ya samo mini jagora zuwa dajin Bobiri da ke kusa da Kubease.

Da hantsin rana ta biyu muka iske ƙwaron manne a bishiya mai tsiyayar ruwa. Dangin buzuzunmu ne na gida, amma ba ruwansa da kashin shanu, ruwan bishiya da nunannun 'ya'yan itace yake sha. Ya cika mini tafin hannu, santimita 9 daga ƙaho zuwa gindi. Namiji ne, don ƙahonsa ya rabu biyu kamar gwafa; mace kanta a daɓe yake, da shi take tonon ƙasa ta saka ƙwai. A riƙe shi ta gefe, domin in yatsa ya shiga tsakanin ƙeya da baya sai ya datse shi.

Inda mutane ke kuskure wajen gane irinsa shi ne dogaro da ratsin baƙi na ƙeya, alhali duk danginsa suna da shi. Murfin fiffike za a duba. Nawa fari ne da manyan zane baƙaƙe, wato Goliathus regius, wanda ake samu daga Saliyo zuwa Kodebuwa da Gana. Mai ƙeya ruwan zinariya da murfi fari mai sheƙi cacicus ne, shi ma ɗan wannan yanki. Mai murfi ja-ja mai duhu kuwa goliatus ne, sai Kuros Riba da Kamaru da Kwango har yammacin Kenya.

A bakin hanya wani ya kawo mini busasshe, wai goliatus, sidi 400. Regius ne, maiƙon jikinsa ya tsattsafo ya ɓata farin. A jiƙa shi a asiton, sinadarin da ke narkar da maiƙo, zai washe. Mun sauko 150, na bar masa abinsa tunda ba ni da takardar izinin fita da shi. Tsadar Gana ta ishe ni, ko da yake cinikinsu babu hayaniya irin ta kasuwar Kwari.

A dajin Kakum ruwa ya hana mu komai. Daga nan har Asin Fosu gonakin koko ne inda dā kurmi yake, ban sake ganin ko ɗaya ba.