Na tsallake ƙofar Baale, na biya kwale-kwale sau biyu

Shekara shida ina sayen kwakwa a ƙauyukan Badagry ta jihar Legas ina loda ta zuwa Kano, ban taɓa tambayar kowa yadda aka kafa garinsu ba. Iyakar sanina tsohon benen 'yan mishan na 1845 da ke cikin Badagry, sai tsibirin Gberefu inda aka riƙa zuba bayi a jirgi. Bayan sallar layya na ce bari in naɗi bakin wani tsoho a waya, a wani ƙauyen ƙabilar Egun da nake yawan ciniki, tun yana da rai.

Na taso daga Agege tun asuba, na sha cunkoson Mile 2, na hau kwale-kwale na ƙetare. Da saukata sai na zarce gidan tsohon kai tsaye. Nan na yi wautar. Ban je ƙofar Baale ba, wato mai garinsu.

Tsohon yana zaune ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa yana ɗinke koma, matarsa na juya kifi a kan wuta, hayaƙi duk ya cika wurin. Ya karɓe ni da fara'a, har ya sa aka fasa mini ɗanyar kwakwa. Ina ciro waya sai ya kawar da kai. Jikansa ya fassara mini: “Baba ya ce tarihin gari ba nasa ba ne shi kaɗai. Ka ga Baale?” Na ce ai an san ni a nan. Ya yi murmushi ya ci gaba da ɗinkinsa. Baale kuwa ya tafi biki, sai bayan kwana uku.

Abin da har yau yake ci mini rai, a ƙauyenmu na Katsina ko mai tallan magani ba ya kafa lasifika sai ya gaida dagaci. Ni da na tashi da wannan, don kawai na ji sunan Legas sai na ɗauka ko'ina birni ne. Alhajin da muke haɗa lodi da shi ya yi ta mini dariya: “Kai yaro, saninka na kasuwa daban, na zaure daban.”

Na koma mako na gaba da ƙwaryar goro daga Agege. Baale ya tara dattawa huɗu, kuma dalilin ke nan: kowane gida na riƙe da nasa ɓangaren. Wannan ya san wanda ya fara kafa bukka, wancan ya san iyakar gonakin kwakwa da wa ya dasa su. In ɗaya ya zame, sauran su tare shi. Kan wata tsohuwar rijiya kaɗai sun yi kusan rabin awa suna musu, ba su daidaita ba.

Kuɗin mota da na kwale-kwale sau biyu, ga lodi ɗaya da ya wuce ni. Goron kuwa Baale ya raba a wurin, ya miƙo mini guda ɗaya daga cikin nawa.