Agogo mai allo: masu waya ne suka iya shi ko masu agogo?

A 2015 Apple ya fito da agogonsa na farko, ciki har da na zinare da farashinsa ya fara daga dala 10,000. Zuwa 2018 sabuwar manhajar watchOS 5 ta daina hawa kansa. Zinaren yana nan daram, cikin ne ya tsufa. Duk lokacin da gardama ta tashi kan wa ya fi iya ƙera agogon zamani, wannan nake fara tunawa.

Duk da haka, in dai agogo mai allo ake magana, ni a ganina kamfanonin fasaha ne a gaba. Dubi TAG Heuer, tsohon gidan agogo na Suwizalan. A ƙarshen 2015 suka fito da Connected a kan dala 1,500, jikinsa na titaniyom, ga kyau a hannu. Amma ƙwaƙwalwar ta Intel ce, manhajar kuma ta Google, irin wadda ke cikin agogon Motorola da bai kai rabin kuɗinsa ba. Riga suka ɗinka, wani ne ya sa ta. Fossil, kamfanin agogo na Amurka, shi ma ya daɗe yana bin wannan hanya, har a 2024 ya sanar cewa ya bar harkar.

Apple kuwa ya zauna ya yi tunanin abin da ido da yatsa za su yi. Ya yi fuskar mai kusurwa huɗu domin rubutu ya fi zama a ciki, da'ira tana cinye gefen saƙo. Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan ƙullin gefe, wanda iyayenmu ke murɗawa su yi wa agogo wani. Ya aro shi daga masu agogo ya mai da shi abin gungura shafi, don kada yatsa ya rufe ɗan allon. Kasuwa ma ta nuna: a ƙiyasin kamfanin binciken kasuwa na Strategy Analytics, a 2019 Apple ya sayar da agogo kusan miliyan 31, Suwizalan gaba ɗayanta kusan miliyan 21.

Inda nake rabuwa da kamfanonin fasaha shi ne batir da gyara. Shekara da shekaru batirin awa 18 Apple ya yi ta yi wa agogonsa na yau da kullum alkawari, wato caji kullum. Ga wanda sai ya jira a kawo wuta ko a tada janareta, wannan ƙarin ɗawainiya ce a kan ta waya.

Ka je teburin mai gyaran agogo a kasuwa ka tsaya. Zai manna ɗan gilashinsa a ido, ya buɗe bayan tsohuwar Seiko 5, ya hure ƙura, ya ɗiga mai da bakin allura, sai ka ga ɗan siririn ƙarfen nan mai kama da gashi ya ci gaba da bugawa. Agogon ya girmi mai shi, ga shi yana aiki. Miƙa masa mai allo da aka liƙe da gam, juya shi kawai zai yi ya dawo maka da abinka. Wannan yana damuna ƙwarai, domin a wurina ƙira ba ta tsaya ga kyan fuska ba, har da yadda abu zai rayu bayan ya bar shago.

Shi ya sa na fi girmama waɗanda suka tsaya a tsakiya. Garmin yana da masu shan hasken rana da ke yin makonni ba caji. Withings na Faransa ya bar hannuwan agogo na gaske, ya ɓoye na'urar auna bugun zuciya a ƙasa, batirin ya kai kusan kwana 30. Ko Al-Fajr da dattawa ke ɗaurawa, tun kafin a san agogo mai allo yake faɗa musu lokacin salla da alƙibla da ɗan batiri guda. In zan saya yau, cikin waɗannan zan zaɓa, kuma kafin in tambayi farashi sai na ji ko ana iya canza batirin.