Minti ɗaya ba tare da magana ba

Bara na ɗora wa kaina aikin da ya kusa fin ƙarfina: mayar da wasan daɓen ƙungiyarmu gajeren fim marar magana, irin na farkon zamanin silima. Abin da ya ja ra'ayina shi ne fim ɗin King John na 1899, wanda kamfanin British Mutoscope and Biograph ya ɗauka a Landan daga wasan Shakespeare. Fitowa huɗu aka ɗauka, ɗaya kaɗai ta tsira, ba ta fi minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi ba. Ɗan wasa Herbert Beerbohm Tree ne, a matsayin Sarki John, a kujera yana murƙususu, yana dafe ƙirji, guba na cin sa har rai ya yi halinsa. Na kalle shi ya fi sau ashirin.

Wasanmu a kan rabon gado ne. Na zaɓi fitowar gaban alƙali, domin nan aka fi yi mana tafi. Na kafa waya wuri guda kamar yadda suke kafa kyamara a da, muka ɗauka a tsakar gida da hasken rana, su ma a fili suka yi nasu. Da muka cire sauti, sai ga mutum biyar zaune suna motsa baki kawai. Dattijuwar da ke fitowa a matsayin uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, ai wannan ko kurma ba zai gane ba."

Gaskiyarta. Sai daga baya na lura cewa fim ɗin Tree kusan talla ne ga wasan da yake yi a dandalin Her Majesty's a lokacin. Haka fim ɗin Rip Van Winkle na 1896 a Amurka: ɗan wasa Joseph Jefferson ya shafe shekaru sama da 30 yana fitowa a matsayin Rip a dandali, masu kallo sun riga sun san labarin. Mu kuwa ba wanda ya san namu.

Muka koma wata 'yar fitowa da ban taɓa ɗauka da muhimmanci ba, inda uwargida ke miƙa wa ƙanin mijinta makullin shago. Ta miƙa, ta janye, ta ɗaure shi a bakin zane, sannan ta kwance a hankali hannunta na rawa. Daƙiƙa 50, kowa ya gane.

Kala ma ta ba mu wahala. Jan mayafinta da koren na amarya duk toka-toka suka fito a baƙi da fari, dole muka aro farin mayafi a maƙwabta muka sake ɗauka washegari da hantsi.