Kuɗin da Na Kashe a Feshin Bututun Iskar Tsohon Gidanmu

Gidan da muka saya a birnin Kolumbus na jihar Ohayo an gina shi ne a shekarar 1954, kuma kamar galibin gidajen da aka gina a wannan yanki bayan Yaƙin Duniya na Biyu, injin gas da ke ɗumama shi yana zaune ne a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Yana hura iska mai zafi ta cikin bututan kwano zuwa kowane ɗaki, sannan ya sake zuƙo iskar ɗakunan ta wasu bututan, ya tace ta, ya ɗumama, ya mayar. Daga watan Nuwamba har zuwa Maris ba mai buɗe taga, saboda haka iskar da mutum ya shaƙa da asuba ita ce dai za ta zagayo ya sake shaƙa da isha'i. A sanyinmu na farko a gidan, duk lokacin da injin ya tashi sai wani wari irin na tsumman da aka manta da shi a jiƙe ya fito ta ragar ƙarfen da ke daɓen falo, ƙaramar 'yarmu mai fama da asma kuma ta kwana tana tari.

A cikin wannan hali ne wata takardar talla ta zo ta gidan waya, wadda ta yi alkawarin share bututan gida gaba ɗaya a kan dala 99. Ma'aikata biyu suka zo da mota, ɗayansu ya zura wayarsa cikin bututu ya ɗauki hoto, ya nuna mini wani baƙin dabbare, ya ce baƙar fumfuna ce mai haɗari ga huhun yara, kuma shara kaɗai ba za ta kashe ta ba sai an bi da feshin magani. Kafin su bar gidan lissafi ya haura dala ɗari takwas, kuma fiye da rabin kuɗin na feshin ne. Sun kunna wata ƙaramar na'ura da ke fesa maganin kamar hazo a bakin bututun da ke zuƙar iska, fankar injin ta kwashe shi ta raba wa dukkan ɗakuna, muka fita muka ba gidan wuri kamar yadda suka ce. Da muka dawo ko'ina ƙamshin lemon tsami yake yi. Wata bai zagayo ba warin ya dawo, ya gauraya da ragowar ƙamshin maganin, har uwargida ta ce, "Malam, ai gara warin da, don shi aƙalla ba ya sa ni ciwon kai."

Har yau idan na tuna da feshin nan raina yana ɓaci, domin da na koma na karanta bayanin da Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, wato EPA, ta fitar wa masu gidaje game da wannan aiki, sai na tarar kusan duk abin da aka yi mana an riga an yi gargaɗi a kansa. Hukumar ta faɗa ƙarara cewa ba a taɓa tabbatar da cewa share bututun iska yana hana rashin lafiya ba, domin yawancin ƙurar da ke ciki tana manne ne da jikin kwanon, ba ta tasowa ta shigo ɗaki. Ba ta ba da shawarar a riƙa yin sharar a kai a kai ba, sai idan an ga fumfuna da ido ta yi yawa, ko ɓeraye da ƙwari sun yi sheƙa a ciki, ko kuwa ƙura ta cushe har tana fitowa ta ragar ɗakuna. Ta kuma ce ba kowane baƙin tabo ba ne fumfuna, kuma ɗakin gwaji ne ke iya tabbatarwa idan aka manna salatif a wurin aka kai musu. Hoton da aka nuna mini a waya, ban ma da tabbacin a gidana aka ɗauke shi.

Wanda ya gano ainihin matsalar wani dattijo ne ɗan Zangon Kumasi da muke haɗuwa da shi a masallacin Juma'a, wanda ya tsufa a sana'ar gyaran injinan ɗumama gida da na sanyaya shi. Bai ko leƙa ragar falo ba, kai tsaye ya sauka ɗakin ƙasa da tocila da sukundireba. Ya kwance wani murfi a jikin babban akwatin kwano da ke saman injin, inda dukkan bututan suke rarrabuwa, ya ce, "Ɗana, miƙo hannunka ka taɓa nan." An shimfiɗa wa cikin akwatin wata irin audugar gilashi mai hana zafi fita da rage ƙara, wadda a ganinsa an sa ta ne lokacin da aka ƙara wa gidan na'urar sanyaya ɗaki shekaru da dama bayan gina shi. Da na danna ta da yatsa sai ruwa ya tsattsafo, fuskarta duk ta yi toka-toka da baƙi-baƙi, gefenta yana marmashewa. A jikin akwatin akwai wata tsohuwar na'urar ƙara wa iska danshi, irin mai kwanon ruwa da soso mai juyawa a ciki. Ruwan kwanon ya yi kauri da yauƙi, maƙullinsa ya lalace, yana ta ɗiga a kan audugar ba dare ba rana. Duk iskar da ke shiga ɗakin yarinyar sai ta bi ta kan wannan wuri tukuna.

Na ce masa, "Baba, to ai an yi wa wurin nan feshi." Ya yi dariya ya ce maganin da aka fesa a saman audugar bai fi kwana biyu yana aiki ba, domin fumfunar tana can cikin tsakiyarta, kuma muddin ruwa yana ɗiga za ta ci gaba da tsirowa. Wannan ma yana cikin bayanin EPA: audugar gilashin da ta jiƙe ko ta yi fumfuna ba ta wankuwa, cire ta ake yi a sa sabuwa, kuma hukumar ta ce babu wani maganin kashe ƙwayoyin cuta da ta yi wa rajista don a fesa shi a bututun da aka yi wa irin wannan shimfiɗa a ciki. Magungunan da ke da rajistar aikin bututu kaɗan ne, su ma na tsuran kwano ne da aka riga aka share tas. Ashe na biya kuɗi ne aka watsa sinadari a inda bai kamata ya taɓa ba, aka kuma hura shi cikin ɗakin mai asma.

Abu na biyu da ya nuna mini ya fi ba ni mamaki, domin ban taɓa sanin ana gini haka ba. A tsofaffin gidajen nan, hanyar da ke mayar da iska zuwa injin sau da yawa ba bututu ba ne na gaskiya. Magina kan sami tsakanin katakai biyu daga cikin waɗanda ke ɗauke da daɓen sama, su buga faifan kwano a ƙarƙashinsu da ƙusa, sai ramin da ke tsakani ya zama hanyar iska. A gidanmu kwanon ya saki a wurare da yawa, ga ramukan da masu waya da masu famfo suka huda a tsawon shekaru ba su toshe ba. Ya kunna injin, ya riƙe yankin takarda kusa da wata ɓaraka, nan take ta manne. Ma'anar wannan ita ce injin yana zuƙar iskar ɗakin ƙasa, da danshinta da ƙurarta da warin tsofaffin gwangwanayen fenti, yana aika mana sama. Ya ƙara da cewa idan zuƙar ta yi ƙarfi tana iya jawo hayaƙin tukunyar dafa ruwan wanka ya dawo cikin gida maimakon ya fita ta bututun hayaƙi, wanda yana ɗaya daga cikin hanyoyin da iskar kabon monoksaid mai guba ke kashe mutane suna barci. Shirin Energy Star na gwamnatin Amurka ya ƙiyasta cewa a gida na yau da kullum kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar da ke bi ta bututai tana salwanta ta ɓaraka da mahaɗar da ba ta kama ba. Masu feshi ba su ce uffan a kan wannan ba, ko da yake sun wuce ta ƙarƙashinsa da kayan aikinsu.

Na uku shi ne wanda ya hana ni barci. A mahaɗar tsofaffin bututan akwai wani farin tef mai kama da takarda mai kauri, kuma ma'aikatan farko sun yanka ƙofar zura burushinsu daidai ta kan ɗaya daga cikinsu, suka bar gefen a yage. Dattijon ya hana ni taɓawa, ya ce a gidan da aka gina kafin 1980 duk irin wannan tef a ɗauke shi asbestos ne har sai gwaji ya nuna akasin haka. Mu da muka tashi a ƙarƙashin silin asbestos a gida ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, kuma gaskiya ne cewa idan yana nan lafiya ba a taɓa shi ba haɗarinsa kaɗan ne. Yankawa da gogewa su ne ke sakin zarensa a iska, cututtukan da yake haddasawa kuwa, irin su kansar huhu, sai bayan shekaru ashirin ko fiye suke bayyana. Gwaji ya tabbatar da shi ne. Masu lasisin wannan aiki suka zo suka killace wurin da leda, suka cire ɓangaren da ya yage, suka shafe sauran da wani manne mai rufe shi, kuma wannan kuɗi ne da ban taɓa sa shi a lissafi ba.

Sauran aikin ya tafi ba tare da wata hayaniya ba. An cire jiƙaƙƙiyar audugar, an goge kwanon, an naɗa abin hana zafi fita ta waje maimakon ta ciki, an jefar da tsohuwar na'urar danshin. An toshe ɓarakar hanyar mayar da iska da mastik, wani manne mai kauri da ake shafawa da burushi, domin tef ɗin leda mai ruwan toka da ake sayarwa da sunan na bututu yana bushewa ya saki. Daga nan ne aka kira kamfani mai rajista da ƙungiyar masu share bututun iska ta NADCA, suka jona babban injin zuƙe ƙura a jikin uwar bututun, suka bi kowane reshe da burushi, suka wanke fankar injin da ƙarfen na'urar sanyaya ɗaki da tiren da ruwansa ke taruwa. Sun fito da marmashin siminti da gashin karen mutanen da suka riga mu zama a gidan da 'yan ƙananan kayan wasan yara. Da suka tambaya ko ina son feshi a ƙarshe, na ce a'a tun kafin su rufe baki. A bayanin da ta fitar a 1997, EPA ta ce a lokacin cikakkiyar shara tana kamawa daga dala 450 zuwa 1,000 ga kowane inji, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa mai tallar dala 99 da wata manufa yake shigowa gida.

Filta ma tana da nata lissafin. Ana auna ƙarfinta da ma'aunin MERV, kuma mai lamba 13 tana kama ƙananan ƙwayoyin hayaƙi da siririyar filtar da muka tarar a gidan ke bari su wuce. Sai dai dattijon ya gargaɗe ni cewa mai lamba 13 siririya, mai kaurin inci ɗaya, tana iya shaƙe tsohon inji har ya yi zafi ya riƙa mutuwa, saboda haka ya sa mana akwatin da ke ɗaukar mai kaurin inci huɗu, wadda faɗin fuskarta ya fi yawa, iska tana ratsa ta ba tare da wahala ba. Mun ga amfaninta a watan Yunin 2023, lokacin da hayaƙin gobarar dajin Kanada ya rufe sararin samaniyar wannan yanki. A ɗakin ƙasa kuma na ajiye na'urar tsotse danshi da ɗan ma'auni, domin a lokacin zafi a nan ne danshi ke taruwa, shawarar EPA kuwa ita ce ya tsaya tsakanin kashi 30 da 50 cikin ɗari, kada ya kai 60.

Akwai abin da ya fito daga gare mu, ba daga magina ko masu feshi ba. Da aka ciro sabuwar filtar karo na farko ta yi baƙi ƙirin da wuri fiye da yadda ya kamata, dattijon ya shinshina ta ya ce, "Hajiya tana turaren wuta ko?" A Kano ana kunna shi ƙofa a buɗe, iska tana ratsawa zuwa tsakar gida, amma a gidan da aka rufe ruf hayaƙinsa yana shiga hanyar mayar da iska ne ya zagaye kowane ɗaki, garwashin gawayi kuma yana fitar da kabon monoksaid. Ba ƙaramar muhawara aka sha ba kafin uwargida ta yarda ta koma kaskon lantarki, a ɗaki ɗaya, da taga a ɗan buɗe, kuma ba a kusa da ɗakin yarinyar ba. Na sa na'urar gargaɗin kabon monoksaid a kowane hawa na gidan.

Warin bai sake dawowa ba, tarin daren yarinyar ya ragu sosai, ko da yake likitarta ta sauya mata magani a daidai wannan lokaci, saboda haka ba zan ɗora nasarar duka a kan bututu ba. Duk wanda ya tambaye ni a masallaci yanzu, nakan ce ya fara sauka ɗakin ƙasa ya nemi inda ruwa ke ɗiga, ya sa a gwada farin tef kafin kowa ya kawo wuƙa kusa da shi, idan kuma wani ya kawo maganar feshi, ya ce a nuna masa takardar jikin robar maganin ya karanta da idonsa ko an rubuta cewa na cikin bututun iska ne. Abin da ya rage mini shi ne gwajin radon, wata iska mai cutarwa wadda ke tasowa daga ƙasa kuma tsakiyar Ohayo ta yi suna da yawanta. Idan sakamakon ya kai 4 a ma'aunin da EPA ke amfani da shi, to sai an huda daɓen ɗakin ƙasa an sa wani bututun da fankarsa, kuma tuni na fara tambayar farashi.